BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

'Yan'uwanmu talakawa, 'yan kasuwar Samaru da Sabon Gari, ga tambaya. In wuta ta kama rumfa yau da dare, wa zai yanke lantarki? Makullin ƙofa yana hannun wa? Ta ina motar kashe gobara za ta shiga, ga tebura sun toshe hanya?

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Garin Kano. A watan Agusta na 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar. A irin wannan rana maƙwabci shi ne ke fara kai gudummawa kafin ma'aikata su iso. Zuciya kam muna da ita, amma sanin abin yi sai an koya.

A ganinmu, a koya shi ta hanyar wasa. Kada kowa ya raina wannan. Mutanen Japan, tun 1960, sun keɓe ranar 1 ga Satumba don gwajin tsira, saboda girgizar ƙasar da ta hallaka su a 1923. Mu ma nan, tun shekarun 1970 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka soma kai wasan kwaikwayo ƙauyuka don wayar da kai.

Abin ba wuya. Sarkin kasuwa ya sa rana. A zana kasuwa a ƙasa, a ce wuta ta tashi a layin 'yan atamfa, kowa ya faɗi abin da zai yi. Sa'an nan a tashi a gwada: wannan ya zama mai rauni, 'yan dako su jera bokitai, wani ya riƙe agogo. Wanda ya watsa wa wutar fetur ruwa ya faɗi, gama yashi ne maganinta. Kuskuren wasa dariya ne. Kuskuren ranar gobara jari ne da rai.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tun da talaka ke biyan kuɗin rumfa, ta gayyato 'yan kwana-kwana da Red Cross a yi wannan gwaji kowace shekara kafin hunturu. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. In kuwa an yi shiru, ƙungiyoyinmu na kasuwa su fara da kansu. Jaje da buhun shinkafa ba su mai da jarin da ya zama toka.