Ruwan Jarba na wa ne?

Jarba tsibiri ne na ƙasar Tunisiya, cikin Bahar Rum. Teku ya kewaye shi, amma ruwan gishiri ne. Gulbi babu, ruwan sama kaɗan.

Duk da haka mutanen da sun rayu. Sun gina ramukan tara ruwan sama a gidaje da masallatai. Sun dasa dabino da zaitun. Masallatansu sun fi 300. Yahudawa ma na da tsohon ɗakin ibada a ƙauyen Riyad. A 2023 UNESCO ta sa Jarba cikin kayan tarihin duniya.

Bayan 1960 aka jera otel a bakin teku. Wai baƙi na kawo kuɗi da aiki. Gaskiya ne. To, ruwa fa? An yi musu tafkunan iyo, har da filin wasa mai ciyawa. Lokacin zafi, famfon talaka kan ƙafe. Ruwan da tiyo ke kawowa daga tudu ya kasa, sai da aka kafa injin tace ruwan teku a 2018.

Kai manomi, za ka shayar da ciyawar wasa, garkarka tana ƙuna? Mai otel ya tara ruwan sama kamar kowa. Wanda ya ja a famfo kuma, ya biya da tsada.