ZAUREN ZANGO: Yaronmu Ya Ce Soja Zai Shiga

Duk shekara da zarar sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, akwai maganar da ke tashi a gidajenmu na zango, daga Nima da Sabon Zango a Ankara har Aboabo ta Kumasi. Yaro ɗan shekara 18 ya gama sakandare, ya dubi gida ya ga babu kuɗin jami'a, sai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce soja zai shiga. Uwa ta fara kuka, uba kuwa ko dai ya ce "ban yarda ba" ko ya ce "je ka, Allah ya tsare", ba tare da an zauna an auna maganar ba. A wannan watan abin da za mu auna ke nan.

Da farko dai aikin soja ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Ikko ya kafa runduna da su, ya kuma kawo su nan lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gwalkwas, wadda ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901, kuma shekaru da yawa da Hausa ake magana a bariki. Kakanninmu sun je har Bama a yaƙin duniya na biyu, abin da ya sa ake kiran babban barikin Ankara Burma Camp.

To amma ina suka tsaya? Yawancinsu ƙarfin jiki da jarunta suka kai, ba su da karatun boko. Mutum ya shekara ashirin cikin kaki, iyakarsa kofur ko saja, mai babban rabo ya kai samanja. Baƙar fatan da ya fara zama hafsa a 1942, wato Seth Anthony, daga makarantar Achimota ya fito. Takarda ce ta ɗaga shi. Wannan shi ne darasin da ya kamata yaronmu ya riƙe tun kafin ya sayi katin neman shiga.

A yau ma ƙofa biyu ce. Mai takardar sakandare kurtu yake shiga, in ya ci darussan da ake bukata, musamman Turanci da lissafi. Mai son zama hafsa kuwa makarantar hafsoshi ta Teshie zai nufa, kuma yawanci sai da digiri. Wanda ya shiga da sana'a a hannu, kamar makanike, birkila, mai gyaran lantarki ko ma'aikacin jinya, ya fi samun wurin zama a ciki, in ya ajiye kaki kuma yana da abin ci. Saboda haka mu tambayi yaro: ƙofar da kake so ke nan, ko wadda ta fi kusa ce kawai? In shekara biyu ta koyon sana'a za ta gyara masa rayuwa, ai gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Sai kuma a faɗa masa gaskiyar aikin. Akwai albashi kowane wata, da ɗaki a bariki, da magani a asibitin soja na 37, da fansho. Amma soja ba ya zaɓen inda za a kai shi. Sojojin Gana sun je Kwango a 1960, sun je Labanan, sun shiga Laberiya a 1990, sun kuma tsaya a Ruwanda a 1994 lokacin da wasu ƙasashe suka janye nasu. Ba duka suka dawo ba. A cikin gida ma ana tura su Bawku da kan iyakar Burkina Faso. Wanda kaki da fareti kaɗai suka ba shi sha'awa, ya sake tunani.

Abin da ya fi damunmu shi ne 'yan damfara. Za ka ji an ce wane ya san wani babba, a kawo sidi dubu kaza a sa sunan yaro. Uwa ta sayar da zannuwanta, ta kwashe kuɗin adashi, daga baya waya ta daina shiga. Rundunar ta sha yin shela cewa ba ta da dillali, kuma ba a sayen gurbi. In da kwaɗayi da wulaƙanci. Haka kuma kada mu manta da turmutsitsin filin El-Wak a Nuwamban 2025, inda mutum 6 masu neman shiga suka rasu. Iyaye su gargaɗi yara, maza da mata, kada su kutsa cikin cunkoso don neman layin gaba.

Akwai kuma maganar takardu, wadda ta fi shafar mu 'yan zango. Tun dokar korar baƙi ta 1969 ake yi wa sunayenmu kallon biyu. Don haka a tabbata sunan da ke takardar haihuwa shi ne a katin ɗan ƙasa, shi ne kuma a takardar makaranta, da ranar haihuwa iri ɗaya. Abubakar a nan, Bukari a can, ya isa a mai da yaro gida. Kada a rage shekaru, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shawararmu ga iyaye ita ce, a kai yaro wurin tsohon soja, tunda babu zangon da ya rasa su, ya ji daga bakin wanda ya ɗauki bindiga. In bayan haka ya ce har yanzu yana so, a sa masa albarka, a ja kunnensa da salla da tausayin talaka, domin kaki amana ne. Sarakunan zango da limamai su ma su riƙa sanar da jama'a a masallaci duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sababbi, don kada labari ya fara isa kunnen macuta.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.