Haƙƙin Kwaɗo A Bisa Masu Hanya

 Ku sani akwai wani aiki da mutanen Turai da Amurka ke yi wanda mai ji zai fara yi masa dariya, amma in ya yi nazari sai dariyar ta koma tunani. Aikin kuwa shi ne tsallakar da kwaɗi hanyar mota da dare, ba da lada ba, ba kuwa da umurnin hukuma ba.

Ga asalin al'amarin. A ƙasashen nan idan hunturu ya tsananta kwaɗi sukan ɓuya cikin daji, ƙarƙashin ganye da itatuwa, su yi wata da watanni ba motsi. Idan sanyi ya karye, watau daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai su fito bayan faɗuwar rana, a daren da aka sami yayyafi, su nufi tafki domin su zuba ƙwai, galibi kuwa tafkin da aka ƙyanƙyashe su. Tafiyarsu rarrafe ce, sau da yawa ma macen tana goye da namijin. To, mutane sun zo daga baya sun shimfiɗa kwalta tsakanin dajin da tafkin. Kwaɗo bai san da wata hanya ba sai ta kakanninsa, saboda haka mota kan bi ta kan ɗaruruwa a dare guda. Duk macen da aka take kuwa an take ta da dubban ƙwai a cikinta.

Da mutanen garuruwan suka ga haka sai suka shiga fita da fitila da bokiti, sanye da riga mai ƙyalli don direbobi su hango su. Su tsince kwaɗin, su kai su ɗaya gefen, ta fuskar da suka nufa. A Jamus akan kafa gajeren shinge a bakin hanya, a binne bokitai a gindinsa. Kwaɗo ya bi shingen yana neman kafa har ya faɗa ciki, da safe a zo a tsallakar da shi. A Ingila wata ƙungiya mai suna Froglife ce ke haɗa kan masu wannan sintiri.

Abin da ya fi ƙayatarwa shi ne ba su tsaya ga ɗauka kaɗai ba, suna ƙidaya suna rubutawa, dare bayan dare, shekara bayan shekara. Da wannan lissafi ne masana suka bayyana a shekarar 2016 cewa kwaɗin nan sun ragu a Birtaniya da kashi 68 cikin 100 a tsawon shekara 30. Ba don littattafan masu bokiti ba da ba wanda zai sani, gama abin da ke ƙarewa sannu sannu ido ba ya ganin ƙarewarsa. Attajirai sun san wannan a kasuwancinsu: wanda ba ya rubuta shiga da fita, sai dai ya wayi gari ya ga uwar kuɗi ta narke.

Hujja kuwa ita ke motsa hukuma. A shekarar 1987 aka gina wa kwaɗi ƴar hanya ƙarƙashin kwalta kusa da garin Henley a Ingila. A wannan shekara kuma aka yi irinta a garin Amherst na Amurka, saboda wata dabba mai siffar ƙadangare wadda ita ma a ruwa take zuba ƙwai. Kusa da birnin Bath kuwa, tun shekarar 2003 akan rufe wata hanya ta Charlcombe har mako shida domin masu ƙaura su wuce lafiya.

Wani zai ce, ina ruwan mai neman abin sa wa a baka da kwaɗo? Wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Amsa ita ce, na farko, kwaɗo ma'aikaci ne a gona, dare duka yana cin ƙwarin da ke ɓata shuka, ba ya karɓar ko anini. Na biyu, malamai sun san abin da Abu Dawuda ya ruwaito game da mai maganin da ya nemi ya sa kwaɗo a cikin magani, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi. Idan an hana saboda magani, ina ga takewa a banza don gaggawa? Na uku, hukuncin ba baƙo ba ne gare mu. Magabatanmu da suka yanki gonaki sun bar burtali domin shanu su isa mashaya, gama sun gane wanda ya tarad da hanya ya datse ta, shi ne ke da nauyin barin mafita.

Mu ma idan ruwan farko ya sauka kwaɗi sukan cika kwalta da dare a inda hanya ta ratsa fadama, kowane direba shaida ne. Saboda haka muna kira ga masu motocin haya da na kaya su gargaɗi direbobinsu su sassauta gudu a irin waɗannan wurare, sannu ba ta hana zuwa. Muna kira ga malamai su tsawata wa yara a kan jifan kwaɗi da duwatsu don wasa. Masu gina hanyoyi kuma, duk inda za su ratsa fadama, su yawaita kwalbatoci, ruwa ya wuce, abin da ke cikinsa ma ya wuce.

Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da ya fi mu rauni. Haza wassalam.