Amana Ba Ta Da Resi: Kuɗin Ciyar Da Ƴaƴa Da Neman Zama Ɗan Amurka

Tun kafin a san banki a Maraɗi ko Damagaram, fatake suna da hanyarsu ta aika kuɗi gida. Mutum yana Kano ko Kumasi, sai ya ƙulle kuɗi a ƙyalle, ya danƙa wa ɗan garinsu mai komawa, ya ce a kai wa yayansa. Ba a rubuta kome ba, ba a sa hannu ba, saƙo kuwa ya isa. Da ƴan Nijar suka fara ƙetare teku zuwa Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1980, suka baza kaya a bakin titi na 125 na unguwar Harlem a birnin Niyok, da wannan al'ada suka tafi. A 1994 hukumar birnin ta tashe su daga bakin titin, waɗansu suka koma kasuwar titi na 116, waɗansu suka nausa Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa, suka shiga aikin masana'antu da tuƙin taksi. Sana'a ta sake, gari ya sake, amma hanyar aike tana nan: hannu da hannu, bisa amana.

Wannan amana ita ce take zame wa da yawa daga cikinsu ƙarfen ƙafa, ranar da suka je neman zama ƴan ƙasa.

Dokar Amurka ta ce wanda ya riƙe katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, har shekara 5, ko shekara 3 in yana auren ɗan ƙasa, yana iya neman zama ɗan ƙasa. Zai cika takardar da ake ce wa N-400, ya miƙa wa hukumar USCIS mai kula da shige da fice. A watan Afrilu na 2024 an tsayar da kuɗin takardar a kan dala 760, ko 710 ga wanda ya cika ta intanet. Dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Dole ba, wato wajen jikka 400 na sefa. Akasarin masu nema jarrabawar Ingilishi da ta tarihin ƙasa suke tsoro, su kwana suna haddar sunayen shugabanni da sassan tsarin mulki. Amma akwai wani sharaɗi wanda hadda ba ta fisshe mutum daga gare shi, shi ne sharaɗin kyakkyawan hali. Cikin abubuwan da ƙa'idar hukumar ta lissafa masu rushe wannan sharaɗi, har da mutum ya ƙi ciyar da waɗanda suke wuyansa da gangan.

Takardar ba ta kewaye-kewaye. Tana tambayar yawan ƴaƴan mai nema waɗanda ba su kai shekara 18 ba, da sunan kowane, da ranar haihuwarsa, da ko yana zaune tare da shi, da ko yana ɗaukar nauyinsa. Can gaba kuma ta sake tambaya ko ya taɓa kasa ciyar da iyalinsa. Ba ta bambanta ɗan da yake Buruklin da wanda yake Tasawa ba, ba ta bambanta ɗan matar da take ɗaki da na wadda aka rabu da ita ba. Mutane da yawa suna zaton sai in kotu ta yanke wa uba kuɗin wata maganar take tasowa. Ba haka ba ne. Littafin ƙa'idojin hukumar ya bayyana cewa ciyar da ƙananan ƴaƴa wajibi ne ko da babu hukuncin alƙali, kuma wajibin ba ya faɗuwa don yaro yana wata ƙasa.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne a kan wa nauyin kawo hujja yake. A shari'ar laifi, mai tuhuma ne yake kawo shaida. A neman zama ɗan ƙasa kuwa, mai nema ne zai nuna ya cancanta, in kuma shakka ta shiga, shi take kayarwa. Jami'in da yake masa tambayoyi bai san Maraɗi ba, bai san ana sayen buhun hatsi da kaka a ajiye don damina ba, bai san ragon suna ba. An ce da kare ana biki a gida, ya ce ya gani a ƙasa. Abin da jami'in yake so ya gani a kan tebur sananne ne, hukumar da kanta ta jera shi: cakin banki da aka riga aka biya, ko resi na aika kuɗi, wato takardar shaidar biya, ko takarda daga kotu ko daga ma'aikatar karɓar kuɗin ciyarwa ta jiha, ko shaidar ana cire kuɗin daga albashi, ko wasiƙar uwa ko mariƙin yaran wadda aka sa wa hannu gaban notar, ma'aikacin nan mai tabbatar da sa hannu.

Ga wanda ƴaƴansa suke Amurka kuma kotu ta yanke masa kuɗi, abin da sauƙi, ko da yake da ɗaci. Kowace jiha tana da ma'aikatar da take karɓar kuɗin ta miƙa wa uwa, tana kuma iya buga wa uba jerin abin da ya biya wata bayan wata. Tarkon da ake faɗawa a nan shi ne uba ya riƙa miƙa wa uwar yara kuɗi a hannu, alhali kotu ta ce a bi ta ma'aikata; a littafin ma'aikata bashi ne yake taruwa, ko da yaran sun ci sun ƙoshi. A jihar Niyok wajibin yana kaiwa har yaro ya cika shekara 21. Wanda kuma bashinsa ya wuce dala 2,500, ko ya zama ɗan ƙasa, ana iya hana shi fasfo.

Wahalar gaske tana ga wanda ya baro ƴaƴa a gida. A ɗauki misalin direban taksi wanda ya saki matarsa kafin ya tafi. Bisa al'ada, da aka yaye yara an mayar da su gidan ubansu, suna hannun kakarsu, yayansa kuma shi ne mai riƙon gida. Duk wata direban yana ba wani ɗan kasuwa dala a Harlem, abokin cinikin ɗan kasuwar ya ƙirga wa yayan sefa a Maraɗi kafin rana ta faɗi. Ya fi sauri, ya fi araha, babu mai cin amanar wani. Shekara 5 ana haka, yara suna lakkol, suna da kayan salla, an kai su likita da ba su da lafiya. A gaban jami'i kuwa, wannan uba da wanda ya manta da ƴaƴansa tun ranar da ya hau jirgi ɗaya suke, domin hannun kowannensu wayam.

Ko wanda yake aikawa ta Western Union ko MoneyGram bai tsira gaba ɗaya ba. Resinsa yana ɗauke da sunan yayansa, ba na yara ba, ba na uwarsu ba. Jami'i yana da damar tambaya: wane ne wannan mutum, me ya haɗa shi da yaran, wa ya san kuɗin ba na ginin gida ko na jarin kasuwa ba ne? Saboda haka resi shi kaɗai rabin hujja ne. Sauran rabin shi ne wasiƙar mariƙi, mai faɗin sunan kowane yaro, da tun yaushe yake hannunsa, da nawa ake aikowa, da kowane lokaci, da abin da ake yi da kuɗin. In aka haɗa da takardun haihuwa, da resin kuɗin makaranta mai ɗauke da sunan yaro, da takardun magani, sai hujja ta tsaya da ƙafarta. Duk takardar da take cikin Faransanci sai an fassara ta duka zuwa Ingilishi, mai fassarar kuma ya rubuta cewa ya iya harsunan biyu, fassararsa cikakkiya ce. Kamfanonin aika kuɗi suna ba mutum jerin abin da ya aika in ya nema, amma ba a fafe gora ranar tafiya: in jami'i ya nemi ƙarin takardu bayan ganawa, wa'adin da yake bayarwa galibi kwana 30 ne, wanda kuwa ya taɓa bin sa hannu daga ofis zuwa ofis ya san kwana 30 ba kome ba ne.

Akwai kunya a cikin lamarin, ba a musu. Bahaushe yana ganin ƙasƙanci ne ya ƙirga abin da ya kashe wa ɗansa, balle ya ce wa mahaifiyarsa ta dangwala hannu a kan ta karɓi kuɗi. Wanda ya rabu da mata da faɗa kuma, sai ya ga wuyar komawa gare ta neman wasiƙa. Sai dai in aka dubi abin ta wajen yaron, sharaɗin ba zalunci ba ne. Mata nawa ne suke sayar da ƙosai da fura suna ciyar da ƴaƴan mutumin da ake cewa yana Amurka? Ga irin waɗannan, ranar da tsohon miji ya bugo waya yana neman wasiƙa ita ce rana ta farko da maganarsu ta yi nauyi. Matar da aka roƙa ta sa hannu a kan abin da bai faru ba tana da ikon ƙi, dangin da suke matsa mata kuma ba gata suke yi wa ɗan'uwansu ba.

Dalili kuwa shi ne ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan fage ma ya fi ƙurewa. Ganawar da jami'i bisa rantsuwa ake yin ta, kuma shaidar zur don samun takarda ita kaɗai ta isa ta rushe sharaɗin kyakkyawan hali. In an ɓoye wani abu mai muhimmanci aka gano daga baya, kotu tana iya ƙwace zama ɗan ƙasar bayan an ba da shi. Jami'in yana da fayil ɗin mutum tun daga ranar da ya nemi biza. Da yawa sun shiga Amurka ta ƙuri'ar biza da aka soma da shekarar 1995, waɗansu kuma wani yaro ne a shagon intanet ya cika musu takarda, ya rubuta ba su da aure ba su da ɗa don abin ya yi sauri, alhali ƙa'idar ƙuri'ar ta ce a lissafa mata da dukan ƴaƴan da ba su kai shekara 21 ba. Mai irin wannan fayil, in ya zo da resin ciyar da ƴaƴa uku da aka haifa kafin tafiyarsa, ya warware matsala ɗaya ya tono wadda ta fi ta, har katin zamansa yana iya shiga haɗari. Haka mai mata biyu: takardar tana tambayar ko mutum ya taɓa auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, dokar ƙasar kuma ba ta yarda da hakan ba. Waɗannan biyu, lauyan shige da fice ya kamata su gani kafin su aika kome, ba mai cika takardu na bakin kasuwa ba.

Wanda ya kasa biya a wani lokaci ba a rufe masa ƙofa ba. Kalmar da dokar ta dogara a kai ita ce ganganci. Ana duba uzuri: rashin aiki da rashin hali, ko mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ko ya yi zaton wajibin ya ƙare bisa kuskure na gaskiya. Amma uzuri ma sai da takarda, ta sallama daga aiki ko ta asibiti. A watan Agusta na 2025 hukumar ta fitar da umarni ga jami'anta cewa su auna halin mai nema gaba ɗaya, ba rashin laifi kaɗai ba, ta kuma ambaci biyan bashin kuɗin ciyarwa cikin alamun gyaran hali. Wanda aka ƙi, yana da kwana 30 ya nemi a sake sauraronsa da takardar N-336, yana kuma iya sake nema daga baya. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga. Mai fasfon Nijar bai kamata ya sa ran za a kau da kai daga giɓi a fayil ɗinsa ba.

Masu ƴan'uwa a Faransa kada su ce abin na Amurka ne kaɗai. Can ma baƙon da yake neman katin zama a matsayin uban ɗan Faransa sai ya nuna yana ba da gudummawa ga ciyarwa da tarbiyyar yaron tun haihuwarsa, ko aƙalla shekara 2. A wajen neman zama ɗan ƙasa kuwa lamarin yana iya juyewa: wanda matarsa da ƙananan ƴaƴansa suke Nijar ana iya ce masa tushen rayuwarsa ba a Faransa yake ba.

Tun da dokar 2014 ta halatta wa ɗan Nijar riƙe ƙasa biyu, mai neman fasfon waje ba ya fargabar rasa na gida, masu nema kuwa ba za su ƙare ba. Rabin aikin hujjar a nan gida yake, a hannun yayye da kakanni da ƴan kasuwar da kuɗin yake bi ta wurinsu. Mai riƙon yara ya sayi littafi na dala 40, ya riƙa rubuta rana da adadi da abin da aka saya, ya adana resin makaranta da na magani a leda ɗaya. Kuɗin yara a aiko shi daban da na gini da na jari, ta hanyar da take ba da takarda, da sunan wanda yaran suke hannunsa da gaske. Yaron da ba a yanka wa takardar haihuwa ba, a je gaban alƙali a nemi hukuncin da yake maye gurbinta tun yanzu, a kuma duba cewa sunan uba a jikinta daidai yake, harafi da harafi, da wanda yake cikin fasfonsa.