Maganar Sanƙo: Garin Neman Gira Kada Mu Rasa Ido

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsayi, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, musamman ku maza.

Akwai wata damuwa da ba ma tayar da ita a mitin ɗin ƙungiya, ba ma yin ta a masallacin makaranta, amma tana cin da yawa a cikinmu: zubewar gashi. Saurayi ɗan shekara 22, yana aji uku, goshi ya fara ja da baya, tsakar kai ta fara haske. Mu kuma da ma 'yan hula ne, sai hula ta zama mafaka. Abokan karatu 'yan Kudu suna ganin al'ada ce, shi kuwa ya san abin da yake rufewa. Da dare ya shiga TikTok da Instagram, masu talla kamar jira suke: ga mai, ga ƙwaya, ga hoton wani da ya dawo daga Turkiyya da gashi kamar na ɗan sakandare.

Ni dai a ganina neman magani ba laifi ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Yadda muke neman sa a ɓoye, ba likita ba shawara, shi ne abin tsoro.

Mu fara da gane abin. Sanƙon maza gado ne, yana zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Jiki yana juya wani ɓangare na sinadarin maza zuwa wani da ake kira DHT, shi kuma yana ƙanƙantar da tushen gashin goshi da na tsakar kai a hankali, har gashin ya sirance ya daina fitowa. Hula ba ta kawo shi, yawan aski ba ya kawo shi, ruwan Legas ko na Ibadan ba shi da laifi. Don haka ruwan albasa da man zaitun da haɗin da ake tallatawa a guruf ba za su tsayar da DHT ba. Amma fa ba kowace zubewa ce sanƙo ba. Makero yana cin gashi, akwai zubewar da ke zuwa kamar an ɗora kwabo, akwai wadda ke biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko ƙarancin jini. Kowanne da maganinsa daban. Wannan kaɗai ya isa dalilin ganin likitan fata kafin ka sayi komai.

Magungunan da aka daɗe da tabbatar da suna aiki biyu ne. Na farko Minoxidil, wanda ake shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa gashi yana tsiro musu, sai Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Sai ka yi wata uku zuwa shida kana shafawa kullum kafin ka ga wani abu, kuma a makonnin farko gashin yakan ƙara zubewa. Ranar da ka daina, cikin 'yan watanni abin da ka samu zai tafi. Malam, wannan ba sayen kwalba ɗaya ba ne, kuɗin wata-wata ne kamar na data. In kuɗin NELFUND naira 20,000 ne abin da kake lallaɓawa da shi a wata, zauna ka yi lissafi tukuna.

Na biyu Finasteride, ƙwaya ce ta sha, kuma a nan ne nake so mu nutsu. An fara amincewa da ita a 1992 don dattawa masu kumburin firostet da ke hana su fitsari, sannan a 1997 aka fitar da ƙaramar, mai miligiram 1, don gashi. Tana rage DHT, tana kuma aiki ga mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Amma wasu 'yan kaɗan cikin masu shan ta suna samun raguwar sha'awa da raunin gaba, wasu kuma ƙunci da damuwa. Abin ya kai a 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce a riƙa sa katin gargaɗi a cikin kwalin. Mace mai ciki ma ba a yarda ta taɓa fasasshiyar ƙwayar ba, saboda tana iya yi wa ɗa namiji illa tun yana ciki. To kai da kake shirin aure bayan bautar ƙasa, a kan me za ka karɓi irin wannan daga hannun ɗan WhatsApp, ba lambar NAFDAC, ba wanda zai tambaye ka lafiyarka? In abu ya faru, wa za ka kama? Ba cewa na yi kada a sha ba. Likita ya rubuta, ya gaya maka haɗarin, ka zaɓa da idonka a buɗe.

Sai dashen gashi, wanda shi ne mafarkin kowa yanzu. Ku gane, dashe ba ya ƙirƙirar sabon gashi. Daga ƙeya ake ciro tushen, inda DHT ba ya cika tasiri, a dasa a gaba. Ƙeyar kuma tana da iyaka, abin da aka cire ba ya dawowa. In ka yi dashe kana ɗan 23 alhali zubewar ba ta tsaya ba, na gaba zai zauna, na bayansa ya ci gaba da tafiya, ka wayi gari da tsibiri a goshi. Wayne Rooney ya yi nasa a 2011 yana da shekara 25, da duk kuɗinsa sai da ya koma a 2013. Sannan gashinmu na baƙar fata tushensa a lanƙwashe yake a ƙarƙashin fata, wanda bai saba da shi ba zai yanke da yawa wajen cirowa, ga shi fatarmu ta fi saurin yin irin tabon nan mai tudu. Asibitocin Istanbul akwai na ƙwarai, akwai na jeka-na-yi-ka, kuma hoton talla ba zai bambance maka su ba. Araha ba ta ado.

Ta fuskar addini, malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin sun halatta dashe, sun ce gyaran aibi ne, ba canza halitta ba, har suka kafa hujja da hadisin mutum ukun nan na Banu Isra'ila da ɗayansu mai sanƙo ne. Saboda haka masu cewa "ai ƙaddara ce, ka haƙura kawai" su sassauta. Ciwon ido ma ƙaddara ne, amma muna sa tabarau.

Yanzu bari in juyo kanmu. Wallahi yawancin masu faɗawa hannun 'yan damfara ba madubi ne ya kora su ba, bakinmu ne. "Filin jirgi", "Alhaji tsoho", a fizge wa mutum hula a gaban 'yan mata a tsangaya, a ɗauki hoto a watsa a guruf. Shi ma ya yi dariya don kada a ce ba ya ɗaukar wasa, ya koma ɗaki ya kasa karatu. Muna garin mutane, nesa da gida, wasu na kiran mu Aboki da sigar raini, sannan mu da ya kamata mu rufa wa juna asiri mu ne ke tonawa? Kai mai tsokanar, je ka leƙa kan babanka da na kawunnanka tukuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda abin ke damun sa, ya fara da asibitin makaranta ya nemi a tura shi wajen likitan fata. UCH a Ibadan, LUTH a Legas, UBTH a Benin, duk akwai su. 'Yan uwanmu masu karatun likita da haɗa magunguna, don Allah ku taimaka da nuna hanya, ba da rubuta ƙwaya a ɗakin kwana ba. Wanda kuma ya ga ba zai iya ɗawainiyar ba, ya je wajen mai aski a yi masa tal-kwabo, ya gyara gemu, ya kafa hularsa ya shiga lakca. Iyayenmu digiri suka turo mu nema, kuma da lafiyarmu suke so mu koma musu.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da mu gida lafiya. Mai gyara ko ƙari, bismillah.