Martani: Rubutun Fim a Maraɗi Ba Zaman Banza Ba Ne

Tun da matasan Maraɗi suka fara zuba finafinai masu dogon zango a YouTube, ake jifan masu rubuta labaran da maganganu a majalisu da fadojin shayi. Wani malami da nake girmamawa ya tattara zarge-zargen nan guda biyar, ya yanke hukuncin cewa duk yaron da ya ɗauki alƙalami don rubuta fim ya ɓata ƙuruciyarsa. Allah ya gafarta Malam, da girman kujerarka, ga amsa ɗaya bayan ɗaya.

Zargi na farko: wai fim ba gadonmu ba ne, na Kanawa ne.

Tarihi bai goyi bayanka ba. Moustapha Alassane ya fitar da Aouré a 1962. Oumarou Ganda ya fitar da Cabascabo a 1969, kuma a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara lashe babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Turmin Danya, wanda ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Kano daga gare shi, bai fito ba sai 1990. Iyayenmu kuwa sun sha dariya da wa'azi a wasannin Yazi Dogo. Kano ta fi mu kasuwa da yawan jama'a, wannan ba gardama. Amma ɗan Maraɗi da ya zauna rubuta fim, gonar gidansu ya shiga.

Zargi na biyu: wai ba mu da labari, sai kwafar Indiya da Kano.

Akwai masu kwafa, kuma sun cancanci faɗa. Abin da ya jefa su a haka ƙyuyar bincike ce, labari kam jibge yake. Ga yadda sarakunan Katsina suka fito bayan jihadi har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Ga Gobirawa da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ga ambaliyar 1945 da ta ta da gari daga bakin gulbi zuwa tudu: wa ya rasa gida, wa ya samu fili, wace amarya aka fasa kaiwa? Ga manomin zogale a fadamar Jiratawa, da kuɗin ruwa a wuyansa da ɗa mai son tafiya ci-rani. Ga alhazan Maraɗi da 'ya'yansu kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, musamman lokacin da aka rufe iyaka a 2023. Sani Magori ya ɗauki albasar Galmi kawai ya yi fim da ya zaga duniya. Littafin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, shi Med Hondo ya mayar fim a 1986, ya ci kyautar FESPACO a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi. Labarin da ba mu rubuta ba, wani zai zo ya ɗauka.

Zargi na uku: wai ba sana'a ba ce, darakta na iya gaya wa 'yan wasa su faɗi abin da ya zo bakinsu.

Haka ake yi a wasu wuraren, shi ya sa za ka ga mutum biyu a falo suna maimaita magana ɗaya minti goma. Marubuci na gaske yana farawa da taƙaita labarinsa a layi biyu: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. In hakan ya gagara, labarin bai nuna ba. Daga nan sai taƙaitaccen bayani na 'yan shafuka, sai jera fitowa-fitowa, kowace da wurinta, ciki ko waje, dare ko rana. Zance shi ne na ƙarshe. A tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim mai awa ɗaya da rabi yana cin shafi kusan 90. Fitowar da ba ta canza komai a labarin ba, a cire ta. Abin da ido zai gani, kada baki ya sake faɗa. Dole kuma kunne ya san bambancin maganar tsohuwa Bagobira da ta ɗan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo mai gauraya Hausa da Faransanci. Marubuci ma'aji ne kuma: duk sabon wuri da ya rubuta, kuɗin mota ne da abinci da hayar janareto. Wanda ya iya tsare labari mai ƙarfi a gida biyu da kasuwa ɗaya ya ceci aljihun furodusa tun ba a kunna kyamara ba.

Zargi na huɗu: wai babu kuɗi a ciki.

Nan ka taɓo ciwon, sai dai laifin ba na sana'ar ba ne, na yadda ake cinikinta ne. Ana biyan mai kyamara, ana biyan jaruma, marubuci kuwa sai a ce masa "Allah ya saka". Dalili shi ne yana miƙa rubutunsa ta WhatsApp ba takarda, ba shaida. Inda aka tsara aikin, ana ci da shi. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, da marubuta masu albashi ta rayar da Daɗin Kowa, kuma Fauziyya D. Sulaiman na cikin waɗanda suka yi suna ta nan. Maganin a bayyane yake: yarjejeniya a rubuce da shaidu, kafin alƙalami tun farko, cikon kuɗi ranar miƙa aiki, farashi a kan kowane kashi in mai dogon zango ne, da sunan marubuci a allo. A kuma fayyace ko an sayar da labarin ne ɗungum ko akwai kaso in ya kawo riba. Kafin a nuna wa kowa, a yi masa rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar.

Zargi na biyar: wai suna ɓata tarbiyya.

Allah ya gafarta Malam, rawa da shigar banza sun fi yawa inda babu labari, domin da su ake cike giɓi. Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, amma almakashi yankewa kawai yake yi, ba ya ƙirƙirar labari mai kyau. Yaranmu za su kalli fim a waya ko mun so ko mun ƙi. In muka kori masu rubutu, mun bar su da na ƙetare da aka juya wa murya.

Don haka ina roƙon malamai da dattawan fadojin Maraɗi da Tibiri su buɗe wa matasan nan ƙofa, su ba su tarihi, su gyara musu kuskure tun yana takarda. Ku kuma matasa, ku karanta, ku sake rubutawa har sai ya tsaya da ƙafarsa, kada kuma ku miƙa shafi ko ɗaya sai an sa hannu.