An Yanka Fuloti, An Manta Da Inuwa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, akwai wani ciniki da ake yi a garin Dutsin-Ma wanda ya kamata mu ɗaga murya a kansa tun kasuwar ba ta watse ba. Inuwar gari ake sayarwa taku-taku, kuma kuɗin hayar da muke biya yana cikin abin da ke ingiza cinikin.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a nan cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ta riga ta zuwa, garin ya shiga kumbura. Ga ɗalibai, ga ma'aikata, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan gefen dajin Rugu, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ba mu ja da wannan ba. Abin da muke ja da shi shi ne yadda ake yanka gonakin bakin gari. Mai gona ya kira mai awo, a ja igiya, a fid da fulotai manne da juna, a bar ɗan lungun da ko amalanke ba ta iya juyawa a cikinsa. Gawo da tsamiya da ɗorawar da suka girmi kakan mai gonar su ake fara kayarwa, a faskara, a sayar wa masu gidan burodi. Daga nan sai a jera ɗakuna, a rufa kwano, a malale tsakar gida da siminti, a laƙaba wa gidan suna da Turanci, a yanka wa ɗalibi haya.

To, sai watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40. Kwano da siminti su wuni suna shan rana, da dare su amayar da ita a kan mai ɗaki, ga shi babu wutar da za ta juya fanka. Itace kuwa ba ado ba ne. Ban da tare rana, ruwan da saiwarsa ke jawowa daga ƙasa yana fita ta ganye ya sanyaya iska, tamkar yadda randa ke sanyaya ruwa da tsattsafonta. Da damina kuma, ƙasar da aka toshe wa baki da siminti ba ta shan ruwa, sai ya bi lungu yana neman gidan da zai faɗa, rijiyoyi kuwa su yi ta ja da baya. Wanda ke son ganin inda wannan hanya ta ɓulle ya je birnin Kano, ya tambayi inda kududdufansa suka shiga. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan da suke ɗauka a da yanzu ɗakunan mutane yake kwana. Za a ce kududdufi gidan sauro ne. Haka ne, amma maganinsa yashewa da tsabtacewa, don ruwan sama bai san takardar fuloti ba.

Na san za a ce ai ana dashen itatuwa. Ana yi mana! Kowace damina a kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna da babbar riga ya dasa bedi guda, a ɗauki hoto, a tafa, a watse. Kafin kaka awaki sun gama da shi. Ba mu raina aikin dashen da Jihar Katsina ta fara da taimakon Tarayyar Kasuwancin Turai a 1987 ba, ko hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015. Amma hankalin waɗannan yana kan gonaki da hamada. Wa ke kula da layin da muke kwana a kai?

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya mai araha. Tun daga 1983 manoma can suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, ba rumfa, ba babban baƙo. Su suna rainon kututture, mu muna mai da itace mai shekara ɗari kututture. Haba jama'a!

Kuma ba iko ne babu ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Saboda haka kada a sa hannu a kan taswirar wata sabuwar unguwa sai an ga titi mai faɗin da zai ɗauki itatuwa, da hanyar ruwa, da filin da yara za su yi wasa, an kuma sa wa kowane tsohon itace alama kamar yadda ake ware wa masallaci da maƙabarta wuri. Kurfi, da ke kan hanyarmu ta zuwa Katsina, gonakinta har yanzu suna bakin ƙofa. Ita ta fi kowa damar yin haka tun masu igiya ba su gama isa ba. Mu kuma, ɗaliban labarin ƙasa da na gandun daji su bar kwafo aikin ƙarshen shekara daga littattafan wasu ƙasashe, su fita unguwa-unguwa su ƙirga itatuwan da suka rage a Dutsin-Ma, su miƙa wa ƙaramar hukuma lissafin, mu buga shi a fitowar mujallar nan ta gaba.